Kafin Mu Sayar da Shanun Huɗa: Gargaɗi ga Iyaye da Dattawa a Kan Karatun Aikin Jinya



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo abu ne da ya daɗe yana damuna, gama ina da hannu a cikinsa. Shekarun baya, a wata ikkilisiyar ƙauye inda na yi hidima, wani dattijo ya zo gidana da yamma tare da 'yarsa, yana riƙe da wata takardar talla mai ƙyalli. Wai wata makaranta ce a wani gari mai nisa take ɗaukar ɗalibai karatun aikin jinya, ba sai da JAMB ba, ba sai da kiredit biyar ba, kuma cikin shekara uku yarinya za ta fito da digiri. Ya ce mini, "Fasto, ka sa mana albarka, ka kuma rubuta mata takardar shaida." Na rubuta, na buga hatimi, muka durƙusa muka yi addu'a. Ban tambayi kome ba. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya jinginar da fadamarsa. Zumuntar mata ta tara wa yarinyar sabulu da garin kunu da kuɗin mota. Bayan shekara uku ta dawo da takarda mai kan sarki ruwan zinariya, muka yi sujadar godiya, aka yi guɗa. Sai da ta je neman aiki a asibitin gwamnati aka ce ta kawo lasisinta, a ranar muka san cewa makarantar ba ta cikin waɗanda hukuma ta amince da su, kuma sunan yarinyar ba ya cikin kundin nas-nas na ƙasa. Dattijon bai taɓa zargina ba har Ubangiji ya kira shi gida. Amma ni na sani, da na yi tambaya ɗaya tak a wannan yammaci, da gidan nan bai rasa shanunsa ba, da yarinyar ba ta rasa shekara uku na ƙuruciyarta ba.

Tun daga lokacin na ɗaura aniyar sanin yadda wannan karatu yake tafiya. Na zauna da nas-nas na cikin ikkilisiyoyinmu, da malaman da ke koyar da su, na yi ta tambaya kamar ɗan firamare. Ra'ayina a yau shi ne, zaɓen makarantar aikin jinya ya fi ƙarfin a bar wa yaro ɗan shekara 17 da wayarsa, ya kuma fi ƙarfin a bar wa uban da bai taɓa shiga jami'a ba. Aikin ikkilisiya ne gaba ɗaya, kuma addu'ar da muke yi wa 'ya'yanmu ba ta ɗauke mana nauyin yin bincike ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu

Ya kamata mu tuna cewa kakanninmu sun san aikin jinya tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a Arewa. An buɗe asibitin Vom a 1922. Aikin mishan na Garkida ya soma a 1923, da magani a hannu tun daga fari. A 1929 aikin da Likita Miller ya soma a birnin Zariya ya koma Wusasa, inda asibitin St. Luke yake har yau, kuma Wusasa ce ta reni Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A ƙetaren iyaka akwai asibitin Galmi a Nijar tun 1950, a Jos kuma akwai Jankwano. A waɗannan wurare aka horar da iyayenmu da yawa, suka koyi allura da wankin miki da karɓar haihuwa, suka koma ƙauyuka suka yi wa kowa hidima, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya.

Bukatar kuwa ba ta ragu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka mutu a Nijeriya a sanadin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Kowane fasto na ƙauye ya taɓa binne matar da jini ya tsinke mata a kan hanyar zuwa asibiti. Saboda haka in yaro ko yarinya suka ce suna son wannan aiki, abin murna ne. Sai dai zamanin da Baturiyar mishan za ta ga yarinya mai hankali ta ce ta zo ta koya ya wuce. Yau akwai doka, akwai hukumomi, akwai kuma mazambata da suka gane cewa iyaye na ƙishin ganin 'ya'yansu cikin farin kaya.

Lasisi ne ke sa mutum ya zama nas

Ga abu na fari da kowane uba zai riƙe. Takardar makaranta, kome kyanta, ba ta ba mutum izinin taɓa majinyaci. Mai ba da wannan izini ita ce Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NMCN, mai hedkwata a Abuja, wadda dokar 1979 ta kafa ta wurin haɗe hukumar nas-nas da ta ungozomomi wuri ɗaya. Ita ce take amincewa da makaranta, ita take ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta za ta ɗauka a shekara, ita take shirya jarrabawar ƙwarewa, ita kuma take ba da lasisi. Wanda bai ci jarrabawarta ba, ba nas ba ne a gaban doka, ko da ya yi shekara goma a jami'a.

In jami'a ce, tilas a sami amincewa biyu: ta Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, da kuma ta NMCN. In kwaleji ce mai ba da difiloma, sai a nemi ta Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, watau NBTE mai hedkwata a Kaduna, tare da ta NMCN. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Jami'a tana iya zama halastacciya, mai suna, mai manyan gine-gine, amma sashenta na aikin jinya bai sami amincewar majalisa ba tukuna. Jami'ar ce aka amince da ita, kwas ɗin kuwa ana jira. In aka ce muku "ana nan ana kan hanyar samun amincewa", ku gane cewa da kuɗinku da shekarun ɗanku ake so a yi caca.

Akwai kuma wani ruɗani da ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu, inda duk mai farin kaya a asibiti ake ce masa nas. Makarantun fasahar kiwon lafiya suna horar da ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda ake kira CHEW. Aiki ne mai daraja, su ne ma suke riƙe da yawancin ƙananan asibitocinmu na karkara, amma hukumarsu dabam ce, lasisinsu dabam ne, kuma takardarsu ba ta mai da mutum nas. Wanda ya zaɓi wannan hanya da idonsa a buɗe ya yi daidai. Abin da ba daidai ba shi ne uba ya biya kuɗi yana tsammani nas yake horarwa. Wanda kuma ya koyi allura a asibitin wani likita mai zaman kansa aka ba shi takardar "mataimakin nas", majalisa ba ta san da shi ba sam.

Jami'a ko kwaleji?

Hanyar jami'a ita ce digirin kimiyyar aikin jinya, mai ɗaukar shekara biyar ga wanda ya shiga ta JAMB. Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digiri a wannan fanni a 1965. A Arewa yau ana yinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da ta Jos, da wasu jami'o'in jihohi da masu zaman kansu. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu, bisa ga ƙa'idar kowace jami'a. A JAMB kuma ana rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Shekarar fari kimiyya ce zalla, kuma a jami'o'i da yawa wanda bai tsallake ta da kyau ba akan juya shi zuwa wani sashe. Daga aji biyu ake shiga ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, sa'an nan ilimin magunguna da zuwa ɗakunan majinyata. A shekarun ƙarshe ɗalibi yake rubuta jarrabawar majalisa ta zama nas, bayanta kuma ta ungozoma ko ta lafiyar al'umma. In ya gama akwai shekara ɗaya ta horon aiki a asibiti, da shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Ku ƙirga da kanku, shekara bakwai ke nan, in ba a yi yajin aiki ba.

Hanya ta biyu ita ce kwalejojin koyon aikin jinya da ungozoma, na jihohi da na asibitocin koyarwa da na mishan. A da shekara uku ake yi a fito da lasisin nas. Yanzu da yawansu sun koma tsarin ƙaramar difiloma da babbar difiloma, shekara huɗu a jere, kuma ta JAMB ake shiga. Jarrabawar majalisa ɗaya ce ga ɗan jami'a da ɗan kwaleji, lasisin nas kuma iri ɗaya ne.

Na san wasu iyaye da suke ganin ƙasƙanci ne ɗansu ya je kwaleji alhali ɗan maƙwabci yana jami'a. Ban yarda da wannan ba. Gaskiya ne digiri yana da riba: mai shi yakan fara aikin gwamnati a matakin da ya fi sama, ƙofar digiri na biyu da koyarwa da shugabanci kuma a buɗe take gare shi. Wanda ya sami gurbi a jami'ar da aka amince da ita, iyayensa kuma za su iya ɗaukar nauyin, lalle ya je. Amma gurbin aikin jinya yana cikin mafi wuyar samu a jami'o'in gwamnati, gama masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Na ga yaran da suka zauna gida shekara huɗu suna maimaita JAMB don neman jami'a, alhali sa'o'insu da suka shiga kwaleji sun gama, sun kama aiki, suna biya wa ƙannensu kuɗin makaranta. Kuma mai lasisin nas yana iya shiga jami'a daga baya kai tsaye a aji biyu, ya yi digirinsa da albashinsa. Kwalejin kirki mai amincewar hukuma ta fi jami'ar da ba ta da ita, nesa ba kusa ba.

Tambayoyi shida kafin a biya ko kwabo

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ga abin da nake roƙon kowane uba, ko dattijon da ya tsaya a madadinsa, ya tambaya.

Na fari, sunan wannan makaranta da wannan kwas yana cikin jerin da NMCN ta amince da su? Jerin yana shafin majalisar a intanet. Wanda ba shi da hanyar dubawa ya je ma'aikatar lafiya ta jiharsa, ofishin daraktan aikin jinya. Kada a dogara da hoton takardar da makarantar ta manna a bango ko ta aiko ta WhatsApp.

Na biyu, ɗalibai nawa majalisa ta yarda su ɗauka, nawa kuma suka ɗauka? Wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci, ita ce kuma aka fi mantawa. Kowane ɗalibi tilas a shigar da sunansa a kundin majalisa, a ba shi lamba, abin da ɗalibai suke kira indeksin. Wanda ba shi da wannan lamba ba zai rubuta jarrabawar lasisi ba. In makaranta ta kwashi ɗalibai fiye da adadin da aka ƙayyade mata don kwaɗayin kuɗi, waɗanda suka yi rara sai su yi ta jira, ko a tura su wani kwas bayan sun riga sun kashe shekaru. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar cewa an ƙara guraben horarwa daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Ƙari ne mai kyau, amma kowace makaranta tana nan da nata iyaka. Ku tambayi 'yan aji uku ko sun sami lambarsu.

Na uku, a wane asibiti ɗalibai suke koyon aiki, kuma akwai majinyata a cikinsa? Ba a koyon sa ruwa a jijiya ko karɓar haihuwa a kan allo. Makarantar da ke jingine da asibitin koyarwa ko babban asibiti mai cike da mutane ta fi wadda take da kyawawan azuzuwa amma sai an yi hayar mota an kai ɗalibai wani gari su leƙa na 'yan makonni. In da hali, dattijo ɗaya ya je da ƙafarsa ya gani.

Na huɗu, ta JAMB aka ba da gurbin? Tun 2017 JAMB take da tsarin da ake kira CAPS, inda ɗalibi yake ganin gurbinsa ya karɓa da kansa, ya fitar da takardar shiga. Gurbin da aka bayar ta bayan fage, ko wanda wani ya ce zai samo muku in kun kawo abin goro, zai iya hana yaro zuwa bautar ƙasa bayan ya gama, domin sunansa ba ya cikin kundin JAMB. A kuma duba da kyau abin da aka rubuta a takardar. Sau da yawa yaro yakan nemi aikin jinya a ba shi wani kwas dabam, a ce masa zai canja in ya shiga aji biyu. Kada a gina shiri a kan wannan alkawari, gama da wuya yake cika.

Na biyar, yaya ɗalibansu suke yi a jarrabawar majalisa, kuma shekara nawa waɗanda suka gama bara suka yi kafin su fita? Amsar gaskiya tana bakin tsofaffin ɗalibai, ba ta ofishin mai karɓar kuɗi.

Na shida, ina yaron zai kwana, kuma wa muke da shi a garin? Ɗaliban jinya suna yin aikin dare. Yarinyar da za ta fito daga asibiti da asuba ta nemi abin hawa zuwa ɗakin haya a bayan gari tana cikin haɗari. A duba ɗakin kwanan ɗalibai, da halin tsaron hanya, da ikkilisiya ko zumuntar ɗalibai irin su FCS da za ta riƙe ta. Fasto ya rubuta wa ɗan'uwansa fasto na can wasiƙa, yadda iyayenmu suka saba yi.

Maganar kuɗi da karatun ƙetare

Jami'o'in gwamnati sun fi sauƙin kuɗi, amma suna da nasu ciwo. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 kuma na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ya sa wasu iyaye suke karkata ga jami'o'i masu zaman kansu, kuma ban ga laifinsu ba in suna da ƙarfi. Gargaɗina shi ne a lissafta kuɗin shekara biyar, ba na shekarar fari kaɗai ba, a kuma ƙara da na yunifom, da na indeksin, da na jarrabawar majalisa, da na mota zuwa wuraren koyon aiki, da na abinci. A sa rai kuma cewa kuɗin zai tashi kafin yaro ya gama. Gonar da aka sayar sau ɗaya ake sayar da ita. In ta biya aji ɗaya da aji biyu, me zai biya aji uku? Yaron da aka cire a tsakiya ya rasa karatu, gidan kuma ya rasa gona. Mai kuɗin shekara biyu kaɗai, gara ya nemi kwalejin jiharsa.

Iyaye su kuma san cewa a watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a dokar ba ɗalibai bashi marar ruwa, asusun da ake kira NELFUND. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ana kuma soma biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne, ba kyauta ba, amma ya fi jinginar da fadama. A nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da wuri, tun yaro yana sakandare, domin ana bukatarta wajen neman gurbi da tallafin jiha, kuma mun san yadda takan ɗauki lokaci a wasu wurarenmu. In an sami jinkiri, dattawa su raka uban, a bi cikin ladabi da naciya.

Game da ƙetare kuwa, sauri ya haifi nawa. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, har ya shafi waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso ɗalibanmu da karatunsu a tsakiya. Ba na cewa duk makarantun waje na banza ne. Amma duk wanda ya karanta aikin jinya a wata ƙasa, ko Nijar ce ko Gana ko Indiya, in ya dawo sai majalisa ta tantance takardunsa, ya yi horon sabawa da aikin gida, ya ci jarrabawarta, kafin ya sami lasisi. A tambayi majalisa tun kafin a tafi.

Shi yaron fa?

Akwai tambayar da ta rage, wadda mu iyaye ba mu son yi. Yaron ne yake so, ko mu ne muke so? Aikin jinya aiki ne na jini da amai da wari, na tsayuwa dare farai, na juya tsoho a gado, na sanar da mutane mutuwar nasu. Wanda aka tura shi don albashi kaɗai shi ne yakan zama nas mai tsawa, irin wadda matanmu suke tsoro har su gwammace haihuwa a gida. Kafin a sayi fom, a sa yaro ya bi masu ziyarar marasa lafiya zuwa asibiti sau da yawa, ya yi jinyar wani tsoho a unguwa, a ga yadda zuciyarsa take. Kada kuma mu ɗauka aikin mata ne kaɗai. Ɗakunan majinyata maza, da ɗakin tiyata, da sashen haɗari, da asibitocin masu taɓin hankali duk suna bukatar samari.

Na san abin da ke zuciyar matasa da yawa, watau Ingila da Amurka da Kanada. A Fabrairun 2024 magatakardan majalisa na lokacin ya ce nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Ba zan tsaya a bagade in la'anci wanda ya tafi ba, gama na san abin da ake biyansu a nan, na kuma san gidajen da kuɗin waɗanda suka tafi yake ciyarwa. Abu biyu kawai zan faɗa. Ƙasashen nan ba su karɓar kowa sai majalisarmu ta tabbatar musu da lasisinsa, saboda haka mai burin tafiya shi ya fi kowa bukatar makarantar gaskiya. Sa'an nan wanda baikon gwauraye da gumin manoma suka koyar da shi, ya kamata ya ba mutanensa 'yan shekaru na hidima kafin ya ɗaga, ya kuma ɗauki nauyin wani yaro a bayansa.

Abin da nake roƙon ikkilisiya

Wani dattijo ya taɓa ce mini wannan ba aikin fasto ba ne, aikinmu wa'azi ne. Na amsa masa cewa hatimina ne yake kan takardar yarinyar nan. Tun da wurinmu ake zuwa neman albarka da takardar shaida da gudunmawa, ba mu da damar cewa babu ruwanmu.

Saboda haka ina ba da shawara kowace gunduma ta kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku ko huɗu: nas mai aiki ko mai ritaya, malamin sakandare, dattijo ɗaya, da matashi mai iya intanet. Su zauna da 'yan ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu kafin a fara sayar da fom ɗin JAMB. Kada fasto ya sa hannu a takardar shaida, kada kuma a ɗauki baiko na musamman domin wani ɗalibi, sai kwamitin ya duba makarantar. A soma tun daga ƙasa, domin yawancin yaranmu a Kemistiri da Fiziks suke faɗuwa, makarantun ƙauyukanmu da yawa kuwa ba su da malaman waɗannan darussa. Ɗalibanmu na jami'a da masu bautar ƙasa za su iya koyarwa a majami'a lokacin hutu, in mun ba su abinci da wurin kwana. Zumuntar mata da ta maza su buɗe asusun kuɗin jarrabawa, gama na ga ɗalibin da ya kai ƙarshe kuɗin jarrabawar majalisa ya tsayar da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In kuma 'ya'yan nan sun fara aiki, mu yi musu adalci. Ciwo bai san Lahadi ba. Kada dattawa su kira nas gaban majalisar ikkilisiya don ba a gan ta a sujada ba, alhali ta kwana a kan mai naƙuda.

Yarinyar da na ba ku labarinta ba ta yi zuciya ba. Bayan 'yan shekaru tana tsaron kemis ɗin wani, ikkilisiya ta taimaka ta sake rubuta Kemistiri da Fiziks, ta sami kwalejin jiha. Wannan karo ni da kaina na je ma'aikatar lafiya na duba sunan makarantar kafin in taɓa hatimi. Ta gama, tana da lasisinta, tana aiki. Mahaifinta bai rayu ya ga ranar ba.

Ina roƙon kowane fasto da ya karanta wannan ya karanta wa iyaye a taron dattawa da na zumuntar mata, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya ba mu hikima wajen bi da 'ya'yanmu, ya kuma albarkaci hannuwan dukan masu jinyar marasa lafiya. Amin.